Ɗan Majemi a Bakin Kwarmin Wanka

A Sakkwato, inda kwalta ke gasa tafin ƙafa,
aka ɗauke ni aikin ɗumama ruwa.
Na yi dariya ran farko. Manaja Junaidu bai yi ba.
Ya ce baƙin otal haka suke son shi,
yana ɓararraka ta ƙasa kamar talge,
su nutse har wuya, su lumshe ido.

Ya nuna mini farin bokiti mai jan murfi.
Cokali biyu da asuba, ɗaya da la'asar.
Wannan kulorin, waɗancan ƙwayoyin buromin.
Ga 'yar takarda, ka tsoma, ka karanta launi.
Na ce safar hannu fa?
Ya ce za a sayo.
Wata bakwai ke nan ana sayowa.

Duk Gawon Nama ba ruwan da ya kai nawa haske.
Allura ta faɗa, daga tsaye za ka gan ta.
Hannuna ne kawai bai yarda ba.

Tsakanin yatsu ya fara, ɗan ƙaiƙayi mai ladabi,
irin baƙon da ke cewa ba kwana zai yi ba.
Sai ya haura wuyan hannu,
ya yi shimfiɗa a gwiwa,
ƙuraje birjik kamar an watsa wa kaji gero.
Fata ta tsage. Ruwan buta ma cizo yake,
ina alwala ina cije leɓe.
Tsakar dare ina susa, gado na amsawa,
Kulu ta juya: "Sahabi, ko ka bari ko ka sauka tabarma."
Na sauka.

Na shafa man kaɗe, na shafa man shanu.
Modi mai kemis a Mabera ya ce borin jini ne,
ya ba ni ƙwayar da ta sa ni gyangyaɗi a bakin famfo.
Likita kuwa ko taɓawa ba ta yi ba, ta duba ta ce:
"Ba ya yaɗuwa. Fatarka ce ba ta shiri da sinadarin.
Raba su."
Kamar faɗan yara a ƙofar gida.
Ban tambaye ta wa zai biya haya ba.

Ran wata Talata hannuna ya yi rawa, cokali ya cika.
Wata baƙuwa ta fito da jan tabo a kafaɗa,
bai fi kwabo girma ba.
Aka yafe mata kuɗin kwana,
aka kai mata kankana da ban haƙuri a faranti.
Ni aka kira ofis.
Na tsaya ana faɗa, hannuwana a baya,
ɗaya na susar ɗaya.

Da Juma'a na je gaida Baba.
Shekara arba'in ya yi da hannu cikin toka da bagaruwa,
jar akuya nawa ta bi ta yatsunsa, shi ma bai ƙirga ba.
Ya kama hannuna, ya juya ciki, ya juya baya,
ya ɗaga shi ga haske
yadda yake yi in ya zo tayi.
"Wagga hwata ta sha toka ta wuce ƙa'ida,
kuma ba a ba ta mai ba. Wa ad da wanga aiki?"
Na ce aikina ne.
Ya daɗe bai saki ba.
"Mu dai," in ji shi, "matacciya muka jemewa."

Da albashi ya shigo na shiga kasuwa,
na sayi safar roba baƙa, irin ta masu kwaɓa siminti,
ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Yau da asuba na zuba cokali biyu, shafaffu.
Tururi ya tashi da warinsa na asibiti.
Can cikin roba, inda ba mai gani,
baƙon nan nawa ya farka, yana miƙa.